Yadda ake shirya zagayen Kristi Sarki a farish

Duk shekara haka ake yi, sai watan Nuwamba ya raba tsakiya sannan za ka ga kwamiti ya fara guje-guje, wannan na neman janareta wancan na cigiyar tela, alhali ranar nan ba ɓoyayyiya ba ce. Idin Kristi Sarki a cocin Katolika kullum a Lahadin ƙarshe na shekarar ikilisiya yake faɗowa, tsakanin 20 da 26 ga Nuwamba, Lahadin da ke biye masa kuma an shiga Adbent, lokacin shirin Kirsimeti. Ba a fafe gora ranar tafiya. To waɗanda aka ɗora wa aikin nan bana, ko a cikin garin Bauchi kuke ko Gombe ko Billiri ko Tafawa Balewa, ga yadda ake bi da shi idan ana so a fita lafiya a dawo lafiya, kuma duk wanda ya gani ya san ibada aka yi ba gangami ba.

Da farko dai ku san abin da za ku fita da shi kan titi. Fafaroma Pius na 11 ne ya kafa idin a 1925, a lokacin Lahadin ƙarshe na Oktoba ake yinsa, sai Fafaroma Paul na 6 ya matsar da shi ƙarshen shekarar ikilisiya a 1969. Amma shi zagaye da Sakramenti, wato gurasar da aka tsarkake a Misa, asalinsa na wani idi ne daban, idin Jiki da Jinin Kristi, wanda Fafaroma Urban na 4 ya shimfiɗa wa ikilisiya gaba ɗaya tun 1264. Wancan yana zuwa ne ƙarshen Mayu ko cikin Yuni daidai lokacin da damina ta kankama, shi ya sa a Najeriya aka ɗauko zagayen aka kawo shi Nuwamba da sama ta bushe. Ma'ana abin da ke ƙarƙashin kanofin nan, wato rumfar ƙyallen da ake riƙewa a saman Fada, Jikin Ubangiji ne, ganga da anko da tuta duk rakiya suka zo yi. A faɗi wannan ƙarara a zaman farko, yana rage rigimar wa zai tsaya kusa da Fada.

Zaman farko

Ku zauna a satin farko na Oktoba. Watan Rosari ne, dama mutane na zuwa coci kullum da yamma, tara su ba wuya, sanarwa ma tana saurin isa. Amma kafin ku kira kowa, shugaban kwamiti ya je ya ga Fada tukuna ya tambaye shi abu ɗaya: akwai umarni daga ofishin Bishop game da zagayen bana? Dokar ikilisiya bishop na dayosis ta ba ikon tsara yadda za a fita da Sakramenti kan titi, ba kansul ɗin farish ba. Dayosis ɗinmu na Bauchi kuma faɗi gare shi, jihar Bauchi da jihar Gombe ne gaba ɗaya, tun da aka yanko shi daga Jos a 1996 ya zama cikakken dayosis a 2003, kuma abin da zai yiwu a Kaltungo ba lallai ya yiwu a Azare ba. Bishop Hilary Dachelem, wanda ke kan kujerar tun 2017, shi ke da ta cewa ko a fita titi ko a tsaya a harabar coci, ko kowane farish ya yi nasa ko a haɗu wuri ɗaya. In aka ce haraba to haraba ce, kar wani ya fara cewa ai tsoro ne.

Kwamitin kar ya yi yawa. Katikis, shugabar Zumuntan Mata, mutum ɗaya daga CMO (ƙungiyar maza), ɗaya daga CYON (ƙungiyar matasa), kwayamasta, babban yaran Misa, shugaban masu tsaro, nas ɗaya, sai wakili daga kowace ƙaramar cocin ƙauye da ke ƙarƙashin farish ɗin. Waɗannan na ƙarshen su aka fi mantawa da su, kuma su ne za su taso tun asuba a bayan akori-kura. Kowa a ba shi aiki da sunansa a rubuce. Aikin da aka ce "matasa za su yi" ba wanda zai yi shi.

Maganar kuɗi ku gama ta a zaman nan. Lokacin ya yi karo da godiyar kaka da baza, aljihun mutane ya riga ya sha matsa, don haka kar ku tsara abin da ya fi ƙarfinku. Abin da ba makawa: man janareta, hayar lasifika in ba ku da ita, ruwa, kyandir, turare, gawayi, kayan agajin gaggawa, kuɗin motar 'yan ƙauye, da ɗan abin da za a ba jami'an da suka tsaya a rana su jiƙa maƙoshi. Anko ba dole ba ne. Mutum ɗaya ya riƙe kuɗi, wani daban ya riƙe littafi, duk wanda ya tura ta waya ya nuna alat a rubuta.

Hanya

Nan ne aikin yake, kuma nan aka fi yin sakaci. Kar ku zauna a ofishin farish ku zana hanya da baki, kar kuma ku bi ta a mota, mota ba ta nuna maka komai. Ku taka ta da ƙafa, ranar Lahadi, daidai ƙarfen da za a yi zagayen, don titin da ka gani fayau ranar Talata da safe wani abu ne daban ranar Lahadi da hantsi lokacin da sauran coci-coci ke tashi, 'yan Islamiyya na dawowa, masu keke napep sun yi layi a bakin kwana. Ku tafi ku huɗu ko biyar, kuma lallai a cikinku a samu dattijuwa ɗaya daga Zumuntan Mata, da tafiyarta za ku auna ba da ta 'yan CYON ba. Inda ta ja ta tsaya ta ce "'ya'yana ku bari in ɗan numfasa", ku duba kusa da nan ku nemi inuwa, wurin tasha ta farko kenan, inda za a tsaya Fada ya sa albarka da Sakramenti.

Ku riƙa kallon sama kuna kallon ƙasa. A sama wayoyin wuta da suka sauko da rassan dalbejiya, don kanofi da gicciye da tutoci duk sun fi tsayin mutum, sandunan kanofi da yawa kuma ƙarfe ne. Ku tafi da gora mai tsawon sandar kanofin ku riƙa gwadawa da ido daga nesa, ba wai ku taɓa waya da ita ba. A ƙasa kuma kwalbatin da ya ɓurma, kwata a buɗe, ramukan da damina ta bari, yashin da ya taru a gangare. Fada yana riƙe da monstrans, wato abin da ake sa Sakramenti a ciki jama'a su gani, a gaban fuskarsa da hannu biyu, ba ya ganin inda yake taka ƙafa, ramin da kai za ka tsallake ba tare da tunani ba shi zai iya kai shi ƙasa. Duk ramin da za ku iya cikewa matasa su cike ranar Asabar, wanda ya fi ƙarfinku a sa mutum ya tsaya a kansa ranar. Ku duba faɗin lungu ma, kanofi da masu riƙe shi da masu tsaro hagu da dama suna cin wuri kusan faɗin mota da rabi.

Manyan tituna ku ƙyale su in da hali. Na san akwai masu son a bi ta shataletalen Wunti ko gaban kasuwar Muda Lawal don gari ya gani, a Gombe ma haka a ce sai an ratsa ta wajen babbar kasuwa, ni dai ban ga ribar hakan ba. Titin da tirela da tankar mai ke bi, irin hanyar Jos ko hanyar Gombe, in kuka ce za ku tsallaka shi da mutum ɗari biyar to dole a tsayar da motoci tsawon lokaci, direbobi su fusata, ɗan acaɓa ya kutsa ta tsakiya, layin ya tsinke gida biyu, na gaba su yi gaba da Sakramenti na baya su tsaya suna kallon mota. Gara gajeriyar hanya ta cikin unguwa wadda za a tafi a dunƙule. Kuma ku sa a rai abin da kuka taka cikin minti 20 ku kaɗai, zagaye zai ci fiye da awa ɗaya a kansa in an haɗa da tsayawa a tasha.

Sai lokaci. Ni ina bayan safiya: a fara Misa da wuri, a fita da hantsi, a dawo kafin rana ta take tsaka. Sanyin safiyar Nuwamba yana ruɗin mutane, buji ya fara sauka kowa ya sa rigar sanyi, amma da ƙarfe 12 ta yi kwalta sai ta fara ƙuna. Dawowa da wuri yana kuma raba ku da lokacin sallar azahar, in ko Fada ya zaɓi yamma to ku lissafa la'asar da magariba. Ku ƙirga masallatan da ke kan hanyar ku rubuta su, a gaya wa mai lasifika da masu ganga tun kafin ranar cewa in an zo nan a sassauta, in ana salla a yi shiru gaba ɗaya a wuce da addu'a a zuci. Mutanen nan da su za ku haɗu a famfo da wurin mai shayi ranar Litinin.

Ku zana hanya ta biyu gajeriya wadda za a karkata a koma coci in wani abu ya taso, mutum uku kawai su san ta sosai, Fada, shugaban tsaro, da mai riƙe gicciye tunda shi ne a gaba.

Hukuma da maƙwabta

Da zarar Fada ya amince da hanyar sai takarda. A rubuta wa DPO na yankin, a ba Sibil Difens da 'yan Rod Sefti kwafi, a Bauchi a haɗa da BAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar motoci ta jiha. Takardar ta ƙunshi rana, ƙarfen fita da na dawowa, sunayen titunan da za a bi ɗaya bayan ɗaya, kimanin yawan mutane, da lambar mutum ɗaya da za a kira. Fada ya sa hannu. Ku kai sati uku kafin ranar, kuma kar ku baro ofishin sai an buga muku hatimi a kwafinku, don takarda tana da ƙafa a ofis. Saura sati ɗaya a koma a tuna musu, ranar Asabar a buga waya.

Mai unguwa kuma ba a aika masa takarda kawai, zuwa ake yi. Katikis da dattijo ɗaya ko biyu waɗanda aka san fuskarsu a unguwar, ba yaron da ya zo bautar ƙasa bana ba. A gaisa a natse, a tambayi iyali, sannan a ce "Ranka ya daɗe, mun zo ne mu sanar da kai ranar Lahadi kaza za mu yi zagayen ibadarmu ta shekara, za mu bi ta nan da nan, ba za mu wuce ƙarfe kaza ba, muna neman a sa mana albarka a kuma ja kunnen yara." Ku tambaye shi ko akwai ɗaurin aure ko walima da aka sa ranar a kan layin, don rumfa ɗaya da aka kafa a tsakiyar titi ta isa ta rushe muku tsari, kuma shi ne zai sani. In hanyar ta ratsa unguwa uku to masu unguwa uku za ku gani. In akwai sanayya da limamin masallacin da ke kan hanyar a biya a gaishe shi shi ma. Masu shago da masu kayan miya da ke baje kaya a bakin titi a faɗa musu da baki ranar Juma'a ko Asabar, mafi yawansu da kansu za su ja tirensu baya.

Abu ɗaya da zan ce a hana kwata-kwata: nokawut da duk wani abu mai ƙara irin ta bindiga. A wasu sassan ƙasar nan al'ada ce a yi harbi sama don girmama Sarki, 'yan'uwanmu da suka taso can suna kewar abin, na gane, amma a Bauchi ko Gombe ƙara ɗaya ta isa ta sa unguwa ta watse da gudu kafin a san me ya faru. A sanar a coci Lahadi biyu a jere.

Kayan bagadi

Wannan aikin katikis ne da babban yaran Misa, amma shugaban kwamiti ya gani da idonsa saura sati biyu. A fito da monstrans a goge shi. Akwai ɗan ƙaramin gilashi mai baki biyu a tsakiyarsa inda ake sa gurasar, luna, a buɗe shi a gwada da babbar gurasa wadda ba a tsarkake ba a ga ko ta shiga, don gurasar da ake sayowa ba girmansu ɗaya ba, kuma ba abin da ya kai tsayuwar Fada a gaban jama'a yana fama da gurasar da ta fi luna faɗi rashin daɗi. A duba maƙullin bayan ma yana kamawa. Alkyabbar Fada da mayafin kafaɗa da yake naɗe hannu da shi ya riƙe monstrans, farare ko masu ruwan zinariya, a wanke a goge a duba maɗaurinsu.

Kanofi a ɗaura shi a kan sandunansa a harabar coci a gwada tafiya da shi. Masu riƙewa tsayinsu ya zo ɗaya, in ba haka ba zai karkace gefe guda yana shafar kan Fada, kuma a tanadi kashi biyu da za su riƙa karɓar juna don hannu na gajiya, iskar hunturu kuma tana cika shi tana ja.

Turare shi ne abin da ya fi ba yaran Misa kunya. Garwashin da aka hura a coci ba ya kai rabin hanya, sai ka ga yaro na ta kaɗa kasko babu hayaƙi, ya buɗe ya hura toka ta bule masa a fuska da farar riga. Maganin abin a sa yaro ɗaya aikinsa kawai ɗaukar ɗan kurfoti da gawayi a kunne da ɗan abin ɗiba, yana tafe a gefe, a kowace tasha a zubar da toka a sa sabon garwashi. In kuna da kasko biyu ya fi. Kyandir kuma in ba mai murfin gilashi ba ne iska za ta kashe shi tun a bakin get, a ba yaro ɗaya ashana ko laita. Ƙararrawar hannu kar a manta ta.

Kowace tasha tana buƙatar tebur mai ƙarfi wanda ba ya rawa, farin ƙyalle, ƙaramin ƙyallen da ake ɗora Sakramenti a kai, kyandir, fure, da kafet ko tabarma inda Fada zai durƙusa. A kama ƙyallen da fil ko a ɗaure shi ta ƙasa saboda iska. A yayyafa ruwa a wurin da safe ƙura ta kwanta. A raba tashoshin ga ƙungiyoyi, Zumunta ɗaya, CMO ɗaya, haka, kuma mutum biyu su zauna a wurin tun daga lokacin da aka shirya har a iso, in ba haka ba akuya za ta riga ku zuwa wajen furen. Yawan tasha Fada ne zai faɗa, wasu na yin huɗu, a gajeriyar hanya biyu ma sun isa.

Jeri da waƙa

Gicciye ne a gaba da kyandir biyu hagu da dama, ba wanda zai wuce shi sai jami'an hanya. Sai yara, sai ƙungiyoyi kowace da tutarta, sai kwaya, sai yaran da suka karɓi tarayyar farko bana da fararen kaya suna watsa fure, sistoci, yaran Misa, sauran fadoci in akwai, masu turare, sannan kanofi da Sakramenti, 'yan Knights a gefensa in farish ɗin na da su, sauran jama'a a baya. Wasu wuraren sukan ɗan sauya, ba laifi, abin da ake so a rubuta jerin a karanta a coci Lahadin da ta gabata a kuma manna a allo, don kar a tsaya a bakin ƙofa ana jayayya tsakanin ƙungiyoyin Legion da Sacred Heart kan wa ke gaba. Fure kuma na gaske ya fi, bogenbiliya tana ko'ina a wannan lokacin, yankakkiyar takarda mai ƙyalli wahalar shara ce kawai.

Matsalar waƙa ita ce tsawon layi. Na gaba suna baiti na uku na baya suna na farko, can ƙarshe kuma wasu sun tada tasu daban da tulu da caki. Motar lasifika ta kasance a tsakiya kusa da kwaya, ƙaho ɗaya na kallon gaba ɗaya na kallon baya, kuma ta ɗan yi nesa da kanofi saboda hayaƙin janareta da ƙara. A gwada makirfo ranar Asabar a kan motar tana tafiya, ba a tsaye ba. Kwayamasta ya zaɓi waƙoƙi masu gajeren amshi waɗanda kowa ya iya ba tare da littafi ba, ranar nan ba ranar nuna sabuwar waƙa mai murya huɗu ba ce. Farish ɗinmu kuma gauraye ne, akwai Sayawa, Tangale, Ngas, Tibi, Ibo da sauransu, a tsara tun farko a ba kowa waƙa ɗaya ko biyu, Hausa da Turanci su riƙe tsakani, kar a bar shi ga wanda ya riga fizgar makirfo. Tsakanin waƙoƙi a sa goma ɗaya ta Rosari, murya ta huta.

Rawa ba laifi ba ce, Sarki ake rakiya. Amma kewayen kanofi a bar shi da natsuwa. Kuma masu waya, don Allah. Za ka ga mutum yana tafiya da baya-baya a gaban Sakramenti ya ɗaga waya yana laif a Facebook har yana karo da mai turare. A zaɓi mutum biyu su ɗauki hoto da bidiyo a ba su alama a wuya, a tura wa kowa a guruf daga baya, saura kowa waya a aljihu.

Ruwa, yara, tsofaffi

Jakar fiya wata ɗaya ƙulli 20 ce, ku lissafa aƙalla biyu ga kowane mutum ku ɗan ƙara. Kar a tara shi wuri ɗaya, a ajiye a kowace tasha da cikin motar baya, a raba bayan an gama albarka ba lokacin da ake durƙushe ba. Yara huɗu su bi ƙarshen layi da buhu suna tsince leda nan take.

Mutane da yawa na faɗuwa ne don sun fito ba su karya ba wai suna azumin tarayya. Azumin nan awa ɗaya ne kafin karɓar tarayya, ruwa da magani ba sa karya shi, tsofaffi da marasa lafiya ma doka ta ɗauke musu. A faɗa a sanarwa kowa ya sha kokonsa da ƙosai da sassafe, musamman masu ciwon suga da masu hawan jini su sha maganinsu. Mota ɗaya mara kaya ta biyo baya da nas a ciki, da ruwan gishiri da suga, gulukos, filasta da auduga. Tsohon da ba zai iya takawa ba a sa masa kujera a tasha ta ƙarshe ko a cikin coci, kar a bar shi ya ji kamar an cire shi.

Yara ƙanana a rubuta lambar wayar uwa ko uba a takarda a sa musu a aljihu, malaman katikizim su ƙirga nasu a bakin get su sake ƙirgawa in an dawo.

Ranar

Ikirari a yi shi ranar Asabar. Ranar Lahadi masu tsaro su riga kowa zuwa, mutum biyu su hau babur su bi hanyar gaba ɗaya kafin a fara Misa su dawo su ba da labari. Gurasar da za a fita da ita a Misar nan ake tsarkake ta, bayan tarayya Fada zai sa ta a monstrans a kan bagadi, ya yi addu'ar bayan tarayya, daga nan ba albarkar ƙarshe ba sallama, zagaye ne ya ɗora kai tsaye. Don haka sanarwa a taƙaita ta ko a yi ta tun kafin Misa, karɓar baiko na biyu da godiyar iyali da ƙaddamar da kalanda duk a ɗaga su zuwa wata Lahadin. Ba a barin Sakramenti a buɗe a kan bagadi ana kiran sunan masu ba da gudummawa.

Masu wadin, wato masu tsara zama a coci, su fitar da mutane benci-benci bisa jerin da aka karanta. Mai gicciye ya riƙa waiwaye, saurinsa shi ne saurin kowa, a sa mutum ɗaya a gaba ɗaya a tsakiya ɗaya a baya da waya a hannu, in layi ya fara tsinkewa a ce masa ya dakata. Masu tsaro su jeru a gefe da riga mai alama, fuskarsu na kallon waje. A tasha Fada zai ɗora monstrans, a yi turare, a karanta ɗan nassi ko addu'a, ya ɗaga ya sa albarka, ana kaɗa ƙararrawa. Mai iya durƙusawa ya durƙusa, mata kan shimfiɗa gefen zani maza hankici, wanda gwiwa ta hana ya sunkuyar da kai ya isa.

In wani ya yi magana mara daɗi daga gefe ko mai babur ya kutsa, ba mai amsawa sai shugaban tsaro da jami'ai. A tara matasa ranar Asabar a gaya musu wannan baki da baki, Fada da kansa in zai yiwu, don daga bakinsa sun fi ji. In kuma aka ga abin da ba a gane ba a gaba, Fada da shugaban tsaro su yanke shawara a bi gajeriyar hanyar nan a koma, ba sai an kira mitin ba.

Ana isowa coci jama'a su buɗe hanya kanofi ya wuce, a shiga a natse, a rera Tantum Ergo, waƙar Latin ta girmama Sakramenti, a yi babbar albarka ta ƙarshe, a mayar da Sakramenti cikin tabanakul, akwatin da ake ajiye shi. Sai bayan nan ne abinci da hoto da gaishe-gaishe, masu kula da abinci su riƙe murfin kula har a rufe tabanakul, in ba haka ba rabin coci zai zarce rumfar shinkafa.

A fara sallamar 'yan ƙauye, a ba su abinci da wuri motarsu ta tashi da sauran rana. Matasa su koma su bi hanyar su kwashe tebura da sauran ledar da ta tsere, a sallami jami'ai da godiya. Cikin satin a koma wurin masu unguwa da DPO a ce an gode, a tambaya ko akwai wanda ya kawo ƙorafi. Lahadi mai zuwa ma'aji ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a gaban jama'a. Sakatare kuma ya rubuta a littafin farish ƙarfe nawa aka fita, ƙarfe nawa aka dawo, jakar ruwa nawa ta tafi, lita nawa janareta ya sha, wace kwana ce ta ba da wahala, ya haɗa da kwafin takardun da aka buga wa hatimi ya miƙa wa katikis ya ajiye wa kwamitin baɗi.